Ranar da Ɗan Jidda Ya Tsallake Ni

Tur'ar da ta bi ta bayan garinmu ta cike da laka da ciyawa, yanzu ko jaki ba ya jiƙa gwiwa idan ya ratsa ta. Da kuwa wannan magudanar ita ce agogonmu. Idan aka sako ruwa daga madatsar Sinnar, kafin ka gan shi za ka ji shi, wani irin gurnani ƙasa-ƙasa, sai kwaɗi su ɗauka, sai ka ji maza na kiran juna ta kan katanga, kowa na neman fartanyarsa don ya je ya tare rabon hawasharsa, wato gonar da hukumar noman rani ta yanka masa. Mata kuma tun da sassafe sun ɗora kasko suna shimfiɗa kisra, wainar dawar nan ta Larabawa mai faɗi kamar faifai, ƙamshin tsamin ƙullun ya cika unguwa, a wani gidan kana jin luguden daka, don tsofaffinmu har suka mutu ba su yarda kisra abinci ba ce, sai tuwo. Lokacin tsinkar auduga kuwa gari yakan zama fayau, daga makafi sai kaji, kowa na cikin farin gona da buhu ɗaure a ƙugu, 'yan mata na waƙa da Hausar da ko mu ba ma gane rabinta. Yau audugar ta tafi, waƙar ta bi ta, Hausar ma tana haɗa kayanta. Ka yi wa yaro magana da harshen uwarsa, ya amsa maka da Larabci, idonsa na kan waya.

Ba wai ina cewa da ya fi yanzu ba. Masu faɗin haka sun manta da yadda ƙaya ke shiga ƙafa. Ni dai abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne, kwanan baya ina zaune ina shan shayi, 'yar ƙanwata na gefe tana wasa a wayar uwarta, sai na ji wani ɗan sauti ya fito daga ciki, tsut-tsut-tsut, kamar ana zuƙar ruwa da tsinke. Na leƙa. Dodanni biyu ne ke faɗa, masu launi kamar za su yi magana, ɗaya na zuƙe ƙarfin ɗaya. Na ajiye kofin, shayin ya huce a wurin. Na san wannan sautin tun uwarta ba ta yi wayo ba.

Ina da aboki a lokacin samartaka, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo, tare muka sha bulala a kan satar rake. Shi Allah ya yi shi da ƙafar yawo. Gemunsa bai gama tsirowa ba ya bi mahajjata ya tsallaka teku, ya maƙale a Jidda yana wanke motoci a gidan wani attajiri. Bayan wasu shekaru aka kama shi babu takarda, aka ɗoro shi a jirgin ruwa aka dawo da shi, a rame kamar sandar makiyayi. Daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Ɗan Jidda yake ce masa, har uwarsa. Mutane sun zuba ido su ga rediyo ko agogo ko bargo a jakarsa. Abin da ya fito daga ciki, jallabiya biyu ne, da wasu 'yan na'urori guda biyu masu launin toka, kowacce ba ta fi tafin hannu ba, da wata siririyar waya da ake haɗa su da ita. 'Ya'yan maigidansa ne suka gaji da su suka yar, shi kuma ya tsince. An yi masa dariya har aka gaji. Shi ma ya taya su, don mutum ne da ba ya riƙe abu a zuci.

Wasan da ke ciki na kiwon dodanni ne. Kana yawo a daji ka kama ƙananan halittu, ka rene su har su girma, sannan ka haɗa su faɗa da na wani. Rubutun duk na Turanci ne, mu kuwa Turancinmu bai wuce gaisuwa ba, saboda haka muka raɗa wa komai sunan da muka ga dama. Nawa gwarzon wani ƙato ne mai ƙaho da ke fesa wuta, na sa masa Bajimi. Nasa kuwa wata 'yar mitsitsiyar aba ce mai kama da bushiya, da jijiyoyi a bayanta, ko kallo ba ta ishe ka ba. Ya sa mata Buda, sunan da Larabawa ke kiran ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ta shanye ta tun daga ƙasa. Sunan kuwa ya dace. Ba ta duka, ba ta cizo. Iri ɗaya take tofa wa abokin gaba, irin ya tsiro a jikinsa ya nannaɗe shi, daga nan kowane zagaye sai ka ga wasu ɗigo-ɗigo na haske suna tashi daga jikin naka suna komawa jikinta, tsut-tsut-tsut. A saman kowane dodo akwai wani layi da ke nuna sauran ransa. Naka na raguwa, nata na cika. Ka kai mata duka, ta rama asarar daga jikinka. Kuma idan faɗan na waya ne, tsakanin mutum da mutum, babu gudu, sai ɗaya ya faɗi. Ban taɓa tsanar wani abu da ba shi da rai kamar yadda na tsani Buda ba.

A rumfar gidanmu muke zama bayan azahar, gwiwa da gwiwa, saboda wayar gajera ce. Idan batir ya mutu mu shanya shi a kan kwanon ɗaki, ko mu ɗan ciccije shi, ya ba mu ɗan abin da ya rage. A rumfar nan kuma kakata, mahaifiyar babana, take yini tana yanka kuɓewar shanya. Ita ce ungozomar gari. Rabin mutanen da ke sahun gaba a masallaci ita ta yanke musu cibiya, har liman, kuma ba ta bari su manta. Tana ji da ni fiye da duk jikokinta, maigidana take ce mini, ta ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Game da wasanmu magana ɗaya take maimaitawa, wai ita abin da ba ya cin tuwo amma yana kuka ba ta yarda da shi ba. Mu yi dariya, Ɗan Jidda ya kira ta yadda Larabawa ke kiran kaka, ya ce, "Haboba, kishi kika yi, an ƙwace miki miji." Ta ɗaga masa wuƙar kuɓewa, ita ma tana dariya.

Da kaka ta yi, na bi samarin gari zuwa gabas, wajen Dindir, yankan riɗi a manyan gonaki. Ɗan Jidda bai je ba, don uwarsa idonta ya fara mutuwa kuma ba ta da kowa a garin sai shi. A can ƙarƙashin itatuwan aduwa muke kwana, wasu ƙananan ƙwari da ko ganinsu ba a yi suna cin mu. Na dawo lafiya lau. Sai da sanyi ya shigo sannan zazzaɓi ya fara, ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, daga baya ya zo ya zauna. An ba ni ƙwayar maleriya, na sha rubutu, na sha sassaƙe mai ɗacin da har yau ina jin sa a maƙogwaro, wanzami ya yi mini ƙaho, duk a banza. Naman jikina ya zube, haƙarƙarina ya fito, cikina ta hagu ya kumbura ya yi tauri. Aka fito mini da angarib, gadon nan namu na igiya, aka ajiye a rumfa, nan na koma da zama. Daga kan gadon ina jin ana sako ruwa, ina jin sa'o'ina na wucewa da fartanya, ni kuwa ko bayan gida sai an riƙe ni.

Wanda bai fasa zuwa ba shi ne Ɗan Jidda. Kullum bayan azahar zai zo ya zauna a bakin gadon, ya sa mini na'ura a hannu, ya soka waya. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai nake mantawa da jikina. Ba ya raga mini, don ya san idan na gane yana bari ina cin sa zan ji haushi fiye da ciwon. Bajimi na faɗuwa, shi yana ihu yana cewa ya shanye ni. A daidai wannan lokacin kuma, abincin uwarsa da hutun gida suka karɓe shi. Kumatu suka fito, wuya ya cika, fatarsa ta yi sheƙi. Duk wanda ya shigo gaishe ni abin da yake gani ke nan: mutum biyu a gado ɗaya, waya ta haɗa su, ɗaya na ƙarewa, ɗaya na cika.

Wata rana Kaka ta ajiye wuƙarta ta matso, ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗan Jidda, wanga layi da ka bisa, mi na na?"

Ya ji daɗi an tambaye shi. Ya ce, "Ranshi ke nan, Haboba. In ya ƙare, halas, ya mutu."

"Na wa?"

"Na maigidanki. Wanga kau nawa ne."

"To mi as sa nashi ka raguwa, naka na ƙaruwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsotsa nika yi. Duba, ga shi nan shina tahowa wurina."

Ta duba. Ɗigo-ɗigon na tashi daga nawa suna shiga nasa. Ta dubi wayar, ta bi ta da ido daga hannuna har hannunsa, ta dubi ƙashin wuyana, ta dubi kumatunsa. Ta juya. Ta tattara kuɓewarta ta shige ɗaki, alhali rana ba ta ko karkata ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce tsohuwa ce ta ruɗe. Ba ruɗewa ta yi ba, abin da ta gada ta karanta. Mutanenmu sun zo da imani da maita tun daga yamma, sun ratso da shi duk tsawon hanyar hijira kamar yadda suka ratso da turmi da taɓarya. A wurinsu maye yakan kama kurwar mutum ya ɓoye, ya riƙa lasa kaɗan-kaɗan, mai kurwar na ramewa, shi yana ƙiba. Kuma maita a nono ake shan ta. To, akwai wata tsohuwar magana da aka binne a kan kakar Ɗan Jidda ta wajen uwa, wai a kan hanya an taɓa zarginta da cinye wani jariri. Ba wanda ya gani, waɗanda suka faɗa duk sun mutu, amma irin wannan magana ba ta ruɓewa a ƙasa. Kafin kasuwa ta zagayo an tono ta, an wanke ta, ta koma sabuwa. Aka ce ai maitar zamani ce, ya je ƙasar waje ya samo mata waya.

Aka hana shi shigowa gidanmu. Babana ya so ya farfasa na'urar da ke hannuna ya jefa a tur'a, Kaka ta hana. Ta ce kada a kuskura a tsinke wayar nan, don kurwata na can ɓangarensa, idan aka yanke hanya ta ina za ta dawo? Sai ta naɗe na'urar da wayar a tsumma, ta sa a tukunya ta rufe, ta tura ƙarƙashin gadona. Na yi magana iya ƙarfina. Na ce wasa ne, ƙarfe ne da batir, yaran Jidda ma da shi suke wasa ba wanda ya rame. Kaka ta shafa kaina tana hawaye, ta ce wa matan da ke wurin, "Kun ji ko? Wanda anka kama kullum shi ka kare mai kama shi." Idan na yi shiru, an ce kurwa ta yi nisa. Idan na yi magana, an ce bakinsa ne a bakina. Ban taɓa jin ƙunci irin na kwanakin nan ba, ina kwance ina kallon karan rumfa, jikina ya ƙi ni, maganata kuma ta zama makami a kan abokina.

Shi kuwa bai zauna ba. Ya je Sinnar ya yi ta tambaya, har ya gamu da wani direban lori da ƙanensa ya yi irin ciwona bayan yankan riɗi. Direban ya ce masa sunan ciwon kalazar, ƙwarin dajin nan ne ke sa shi, akwai allurarsa a asibiti, amma idan aka bar shi kisa yake yi. Ɗan Jidda ya dawo a guje, ya tare babana a ƙofar masallaci, ya ce ya riga ya yi magana da mai boksi, wato a-kori-kurar da ke jigilar mutane zuwa birni, a ba shi ni kawai ya kai ni. Babana mutum ne mai sanyin hali, kuma na san zuciyarsa ta karkata. Amma da ya kawo maganar gida, Kaka ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Ta ce allura ba ta haɗuwa da jikin da babu kurwa, ana soka ta zan cika, ta ga an yi haka ba sau ɗaya ba. Ta ce, "In kana son ka kashe ɗanka, ɗauke shi, amma ta kaina za ka bi. A maido mishi da kurwa tai tukuna, sannan ku kai shi mustashfa, duk asibitin da kuka so." Babana bai taɓa ƙetare maganar uwarsa ba, ba kuma a kan ran ɗansa zai fara gwadawa ba, don idan na mutu a hanya da wane ido zai dube ta? Aka je wa liman. Ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, amma a hankali ya faɗa, yana kallon tabarma.

Hanyar maido da kurwa a al'adarmu ɗaya ce. Wanda ake zargi ya zo gaban jama'a, ya tuɓe rigarsa, ya tsallake majinyacin. Wanda ya ƙi, an ce ya ƙi saki ne, idan majinyacin ya mutu jininsa na wuyansa. Wanda ya yarda kuwa ya amsa da ƙafarsa abin da bakinsa ke musu. Daga baya na ji cewa uwarsa ta riƙe masa riga tana kuka, tana cewa idan ya yi, ba kansa kaɗai ya shafa wa baƙin fenti ba, har ita da uwarta da ke kabari, kuma babu gidan da zai ba shi mata. Ta ce ya gudu Rusairis wajen kawunsa har ƙura ta lafa. Ya ce mata kafin ƙurar ta lafa an binne ni.

Da hantsi ya zo. An sauke ni daga gado an shimfiɗe ni a tabarma a tsakar gida, rana na dukan fuskata. Gidan ya cika, har kan katanga mutane ne. Ya shigo da farar jallabiyarsa ta Jidda, ya gaida babana, ya durƙusa ya gaida Kaka kamar kullum. Ta kau da kai. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na ce, "Kada ka yi. Wallahi in ka yi ba ni yahe maka."

Ya ce, "Ya zol, abokina, yi shiru, ba da kai nika magana ba." Sannan ya juya ga babana. "Baba, ga boksi can bakin tur'a shina jira. In na yi abin da kuka so, yanzu-yanzu za a tahi da shi? Ba gobe ba, ba sai an ga yadda ya kwana ba?"

Babana ya dubi uwarsa. Ta gyaɗa kai. Ya ce, "Yanzu."

"Ka hwaɗi da ƙarhi jama'a su ji."

Babana ya maimaita.

Ya cire jallabiyar ya ninke ta, ya rasa wanda zai miƙa wa, don duk wanda ya juya wajensa sai ya ja da baya. Ya ajiye ta a ƙasa. Na ga inuwarsa ta rufe mini rana, na ga tafin ƙafarsa da faso ya wuce ta saman fuskata, ya dawo, ya sake wucewa. Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Kaka ta fito da tukunyar ta buɗe, ta zare wayar da hannunta, ta ce yanzu kam a ƙone. Shi bai tsaya kallo ba. Ya sunkuya zai ɗauke ni, aka ture hannunsa, 'yan'uwana suka ɗauke ni. Har motar ta tashi ina hango shi tsaye a bakin ruwa, ba riga, shi kaɗai.

A asibiti likita ya danna cikina, ya tambayi inda na yi aikin kaka, ya yi wa babana faɗa kamar ɗansa saboda jinkirin da aka yi. Na sha allura har na rasa gefen da zan kwanta. Zazzaɓin ya sauka, cikin ya sace, na fara cin abinci kamar wanda ya dawo daga kurkuku. Duk tsawon zamana a can abu ɗaya nake saƙawa, in koma gida in tsaya a gaban jama'a in faɗa musu sunan ciwon, in nuna musu tabon allura, in wanke abokina. Da wauta ta samartaka na ɗauka lafiyata ce za ta zama shaidarsa.

Ta zama shaida kuwa, amma a kansa. Ranar da na sauka daga mota da ƙafafuna, mata suka rangaɗa guɗa, Kaka ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Kun gani? Yana saki, yaro ya tashi." Na ce allura ce. Suka ce ƙwarai, allura ta yi aiki da yake an maido da kurwa. Na ce samari nawa suka yi wannan ciwo a garuruwan gabas, su ma Ɗan Jidda ne ya kama su? Suka ce kowa da nasa mayen. Na yi rantsuwa, na yi faɗa, na daina cin abincin Kaka har ta kwanta ciwo don baƙin ciki, na koma ina ci. Ba muguwa ba ce, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Har ta koma ga Allah tana ganin ita ta ƙwato ni daga bakin mutuwa, kuma don so ta yi.

Ɗan Jidda bai bar garin ba. Ina zai je? Uwarsa ta makance gaba ɗaya ta ce ba ta mutuwa a wani gari, teku kuma an rufe masa. Ba a kore shi ba, ba a taɓa dukansa ba, mutanenmu ba su da wannan. Abin da suka yi ya fi duka. Idan ya zauna a tabarmar cin abinci sai kowa ya tuna ya ƙoshi. Idan ya bi ta layi uwaye su kira 'ya'yansu cikin gida. Ranar gayya a aika wa kowa ban da shi. Ya nemi aure a gari an ce an yi wa yarinyar miji, ya nema a ƙauyen gaba labari ya riga shi isa. Mutumin da dariyarsa ke cika rumfa ya koma magana ƙasa-ƙasa, yana tafiya a gefen hanya kamar mai neman gafara. Kowace shekara sai ka ga an rage wani abu a jikinsa.

Ni ban daina zuwa wurinsa ba, ko da yake an ce har yanzu yana jana ne. Amma ni ma an ɗaure ni ta wata hanya. Na yi mura sau ɗaya bayan aurena, kafin la'asar an ga wasu tsofaffi na zagaya ƙofar gidansa. Da na warke ya same ni a gona, ya tsaya nesa kaɗan yadda ya saba, ya ce, "Abu guda nika roƙo nai gare ka. Don Allah kada ka yi ciwo." Ya faɗa da murmushi, amma ba wasa yake ba. Daga ranar na koyi cin zazzaɓi a tsaye. Na yi ban ruwa jikina na kaɗawa, na je sallar Juma'a da ciwon haƙori ina gaisawa da mutane ina dariya, na sha magani a ɓoye kamar ɓarawo. Matata kaɗai ta sani, ita ke rufa mini asiri. Shekaru masu yawa ban kwanta da rana ba.

Bayan rasuwar uwarsa na ce masa yanzu sai ya tafi, ya je Rufa'a ko Rusairis inda ba a san shi ba, ya fara sabuwar rayuwa. Ya ce da wane ƙarfi? Gaskiya ya faɗa, furfura ta riga ta cika masa kai, ga tari ya kama shi. Ya kwanta, ya rame kamar yadda na taɓa ramewa, haƙarƙari a waje. Babu wanda ya tambayi wa ya kama shi. Ni na kai shi Sinnar, ni na dawo da shi da aka ce a koma gida a yi ta addu'a, ni nake juya shi a kan angarib. Wata safiya ina ba shi kunu ya dube ni, tsohuwar tsokanar nan ta dawo idonsa, ya ce, "Ya zol, ba ka tsallake ni ba? Ko Allah ya sa in tashi." Na yi dariya don ya ji daɗi. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ina saurayi.

Bai tashi daga wannan kwanciyar ba. An yi masa sallah, an kai shi makwancinsa, don wannan hakki ne da ba a hana kowa. Da muka dawo na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa na zauna, tunda ba shi da wanda zai karɓi gaisuwa sai ni. Mutane sun zo, ban ce ba su zo ba. Wani dattijo, abokin babana, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, fuskarsa cike da tausayi na gaskiya. Na ɗauka zai ce Allah ya ba ni haƙuri. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Barka, ɗana. Yanzu kam ka huta."